Shanun Na'iya Arba'in da Uku

Litinin, 8 ga Janairu, 2024
Shekara goma sha ɗaya ke nan Ubaidullahi yana cin abinci da burushin da ni na koya masa riƙewa a sakandare. Ni da na yi shekara huɗu a Zariya ina nazarin kafaɗar zaki, ga ni zaune. Shi ko yau ya aika Abuja da shuɗiyar kura sanye da tabarau. Wai zanen zamani. Zan yi zane ɗaya Tambuwal ta san waye malami.

Alhamis, 15 ga Fabrairu
Garin Kebbe kuma yau, a bayan babur. Wayyo ƙuguna. Na'iya, Bafulatanin da nake zana garkensa, ya ɗauka hutawa nake zuwa yi gindin tsamiya. Kowace saniya na fitar da ita da kamanninta, har mai karyayyen ƙaho.

Asabar, 20 ga Afrilu
Na gama. Ban taɓa yin kamarsa ba.

Litinin, 22 ga Afrilu
Na jingina shi a bakin kasuwa. Jama'a ta taru, har na fara gyara hula. Sai na ji wani dillali yana bin allon da yatsa: "Arba'in da ɗaya, arba'in da biyu... Ashe Na'iya da ka cewa bai da komi!"
Sai ga Na'iya. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Malam, mi na yi maka? Ko matata ba ta san yawansu ba. Ka ƙirga min shanu, ka kawo kasuwa?"
Na ce ai fasaha ce. Ya ce ɓarayi ma suna da ido.

Talata, 23 ga Afrilu
Surukin Na'iya ya riga ya aiko masa neman aron bijimi biyu. Na'iya yana zaurena tun hantsi da sandarsa, ya ce ba ya tashi sai shanunsa sun bar allon.

Laraba, 24 ga Afrilu
Ubaidullahi ya zo, ya durƙusa har ƙasa, munafuki. Ya ajiye gwangwanin fenti ruwan hoda. "Baba Malam, a rufe su, a bar guda. Saniya guda ba ta tona asirin kowa."
Na kore shi. Gwangwanin dai ya bari.

Jumma'a, 26 ga Afrilu
Da hannuna na shafe su, Na'iya yana tsaye yana kiran sunan kowace. Ya zaɓi mai karyayyen ƙaho a bari. Wurin ya yi fili da yawa, sai na ɗaura mata agogo a ƙafa, don cike gurbi kawai. Ya yi dariya har ya yar da sanda.
Fentin ba laifi, yana bin burushi. Na aika a tambayi Ubaidullahi ko yana da kore.
Shanu arba'in da biyu, aikin wata uku, suna ƙarƙashin ruwan hoda.