Kada Ki Taɓa Fuskar Ikhlas

Fagge, Asabar

Yaya Yakaka,

Assalamu alaikum. Ya haƙurinmu? Na rubuto ne don ban iya kallon fuskarki tukuna ba.

Sai a gadon asibiti na gane abin da ya ci Raudha. Da kwanciyar ta yi tsawo babu mai gyara ta, gashi ya fito mata a haɓa har ƙirji. Amarachi, nas ɗin ɗakin, ta ja ni gefe ta ce, "Mama, tun yaushe wannan?" Ni da na haife ta ban sani ba.

Ta ce ƙari ne a ƙwan mahaifa yake zuba sinadarin maza a jini. Shi ya kawo gashin, ya ɗauke al'ada, ya buɗe muryar da muke ce wa mura. Da likita ya ga fuskar tun farko, da ya san inda zai duba. Amma Raudha ta faɗa min duk ranar asibiti sai kin yi mata halawa kin tuge shi tas, kin hana ta faɗa.

Tun rasuwar mijina Modu na ba ki riƙon 'ya'yana biyu. Ɗaya ta rage. Ranar sadakar uku na ga gashi a haɓar Ikhlas. Ki kawo ta asibiti Alhamis, kada ki taɓa fuskarta.

Ƙanwarki,
Ummakulsum

Sabon Gari, Litinin

Ummakulsum,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Raudha, ya sa ta huta.

Na karanta. Ke kika haifa, ni na goya, kuma ni na tsaya a wankanta lokacin da ke kika kasa. Ajali ba ya tambayar mai halawa.

Ba ki taɓa zama a shagona kin ji bakin mata ba. Mace mai gemu, wata ta ce mayya ce, wata ta ce mijinta zai riga ta mutuwa. Amaren mutane nake gyarawa da dilka, sai in bar tawa ta shiga a daidaita sahu ana nuna ta? Kakarmu a Yerwa da gashinta ta tsufa, bai kashe ta ba.

Dangin Nu'uman, mai neman auren Ikhlas, za su zo gaisuwa Juma'a. A bari su zo su tafi, asibiti ba gudu zai yi ba.

Ki gaida mutan gida.
Yayarki, Yakaka

Fagge, Talata

Yaya,

Sallama. Ban ce ba ki so Raudha ba. Amarachi ma ta ce yawancin masu gashin nan ba ƙari ba ne, ana shan magani a zauna lafiya. Sai an auna jini za a sani. Idan Nu'uman ba zai iya ganin haɓar Ikhlas ba, gara ya fasa tun yanzu.

Alhamis zan tsaya a ƙofar asibiti.

Ummakulsum

Fagge, Alhamis

Yaya,

Sallama. Na tsaya har aka kira la'asar. Da na buga wa Ikhlas, a hankali ta ce min, "Inna, an shafa min dilka, ba zan iya shiga rana ba."

Gobe da safe zan zo in ɗauki 'yata, ko baƙi na zaune. Har yanzu ba a auna jininta ba.

Ummakulsum