Baba, Na Shiga Maraɗi Ta Ƙofa

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Sada Magini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ɗiya ke yi wa mahaifinta, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, Binta ce ke rubuto maka. Na san takarda ba ta isa inda kake. Amma akwai labarin da na faɗa wa kowa a gida, har yau ji nake ban faɗe shi ba tunda kai ba ka ji ba.

Baba, na samu izinin aiki a Nijar. Ina koyar da Ingilishi a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a Maraɗi. Sunana yana rubuce a ofishin gwamnatinsu, da hotona, da hatimi.

Kai ka fi kowa sanin abin da wannan ke nufi. Duk shekarun da ka yi kana gini a Maraɗi, ba ka taɓa bi ta shingen iyaka na Magama ba. Ta gonaki kake ratsawa, da cokalin gininka da igiyar awo cikin buhu, ka ɓulla bayan garin Ɗan Isa, cikin Nijar. Ina yarinya na ɗauka haka kowa ke zuwa aiki. In Inna ta yi maka maganar takardu sai ka yi dariya ka ce, "Ƙanwata na can tana aure. Wa za shi tambaye ni takarda a garin dangina?"

Ba a tambaye ka ba kuwa, sai ranar da ka faɗo daga saman bene. Lokacin ina aji uku na sakandare. Ɗan kwangilar da ka daɗe kana yi wa aiki ya ce bai san ka ba, don in ya amsa ya san ka, za a tambaye shi dalilin sa baƙo aiki babu takarda. Abokan aikinka suka ɗauko ka a amalanken shanu, ta hanyar da ka saba bi. Ƙugunka bai ƙara komawa daidai ba har ka bar duniya.

Ban taɓa jin ka zagi mutumin ba. Wata rana dai ina shafa maka magani, ka dube ni ka ce, "In kin yi karatu kika tashi aiki, ko ina ne, ki bari a rubuta ki." Ban gane sosai ba a lokacin, amma na riƙe.

Bayan rasuwarka na gama kwalejin horar da malamai, aka ba ni aji a wata firamare ta ƙauye. Ban cika shekara biyu ba rashin tsaro ya sa aka rufe makarantar, na dawo gida na zauna. Ina cikin wannan zaman ƙanwarka Gwaggo Rabi ta kira daga Maraɗi, ta ce makarantar unguwarsu na neman mai koyar da Ingilishi. Na je, aka ba ni aji na gwaji, na koyar. Shugaban makarantar, wani dattijo mai fara'a, ya ce in fara ran Litinin. Na ce masa takardu fa? Ya ce, "Madam, ke Bahaushiya, yaran Hausawa. Wa zai gane? Ki fara, ma yi takardu daga baya."

Ba mugun mutum ba ne, Baba. Wahalar zirga-zirgar ofis yake gudu. Amma da ya faɗi haka, ƙafarka na tuna, yadda kake jan ta zuwa masallaci. Na ce masa ya yi haƙuri, ba zan riƙe alli ba sai hukuma ta san da ni. Daga ƙarshe ya ce to, in haɗo abin da ake buƙata.

Na yi fasfo a Katsina. Aka fassara takardun karatuna zuwa Faransanci, na yi gwajin asibiti, na karɓo shaidar 'yan sanda cewa ba ni da wani laifi. Muka sa hannu a takardar kwantiragi, aka kai ofishin ƙwadago. Bayan mako uku aka dawo da komai. A fasfo sunana Binta, a takardun makaranta Fatima. Na ce wa ma'aikacin ai kowa ya san Binta ita ce Fatima. Ya ce, "Ni na sani, uwata ma Binta ce. Takarda ce ba ta sani ba." Dole na dawo gida, ni da ƙaninka Baba Iro muka je kotu, ya rantse cewa mutum ɗaya ce, shi ya raɗa mini sunan da bakinsa.

Takardar rantsuwar na hannuna, ina shirin komawa, aka rufe iyaka.

Wannan shi ne lokacin da ya fi yi mini wuya. Manyan motoci suka yi layi a Magama har ciyawa ta fito ƙarƙashinsu, amma 'yan acaba kullum suna ratsa daji da mutane. Kowa ya gan ni sai ya ce me nake jira. Wata maƙwabciyarmu ta ce wa Inna boko ya sa mini girman kai, ubana ma da ƙafa ya bi. Sannan shugaban makarantar ya kira ya ce ya ɗauki wani, yara ba za su zauna babu malami ba.

Ba zan ɓoye maka ba, washegari na haɗa jaka na tafi inda baburan ke taruwa. Har wani ya karɓi jakar ya ɗaure a bayan babur. Na tsaya ina kallon hanyar da ta shige cikin gero, na tambayi kaina in na isa can me zan kira kaina, malama ko mai ɓuya. Na ce ya kwance mini kayana. Ya kwance yana mita. Na dawo gida na shige ɗaki na yi kukana, Inna ta dama fura ta ajiye bakin ƙofa.

Watannin da suka biyo baya, yaran unguwa na tara a zaurenka ina yi musu darasi, ni kuma ina koyon Faransanci a waya. Da aka buɗe iyaka ban kira kowa ba, na riga na cire rai. Shugaban ne ya kira da kansa. Wanda ya ɗauka ya samu wani aiki ya tafi, ga jarabawa ta matso. Wannan karon shi ya ɗauki fayil ɗina ya kai ofis, ya riƙa bibiya har aka buga hatimi.

Ranar da zan fara aiki na hau mota a tashar Jibiya da hantsi. A shingenmu wata jami'ar shige da fice ta buɗe fasfona, ta tambayi abin da zai kai ni. Na ce aiki. Ban taɓa jin daɗin kalma a bakina kamar ranar ba. A ɓangaren Nijar jandarma ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Malama, sannu da zuwa." Na koma mota na zauna, na rufe fuskata da mayafi don kada fasinjoji su ga hawayena.

Cikin zangon farko masu binciken ma'aikata suka zo makarantar ba sanarwa. Ina tsakiyar darasi suka shigo ajina. Na ɗauko takardata daga jaka na ba su, suka duba, suka rubuta abin da za su rubuta, suka fita. Na juya ga allo na ci gaba daga inda na tsaya. Da yamma shugaban ya same ni a ofishin malamai ya ce, "Madam, yau taurin kanki ya cece ni."

Ban rubuto don in ce na fi ka ba, Baba. Kai ba ka samu mai karanta maka takarda ba, ga bakuna takwas na jiran ka a gida. Da wannan tafiyar ta cikin gonaki ka saya mini littafin da na fara koyon Ingilishin da nake koyarwa yau. Kuma izinin nan ba na har abada ba ne, sai an sabunta shi, ban san yadda dokokin ƙasashen biyu za su kasance gaba ba. In an sabunta, alhamdu lillahi. In ba a sabunta ba, zan dawo gida ta titi, da rana, kowa na gani.

Juma'ar da ta wuce na zo hutu. Inna ta ce in nuna mata takardar. Ta wanke hannu ta goge da zane kafin ta karɓa. Ta ce in karanta mata. Na ce Faransanci ne, ba za ta ji ba. Ta ce in karanta dai. Na karanta, tana gyaɗa kai a kowane layi kamar tana ganewa, har na zo inda aka rubuta sunan uba. Nan ta ɗaga hannu ta ce in maimaita. Sau uku na maimaita mata sunanka.

Allah ya jiƙan ka, Baba. Allah ya haskaka makwancinka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Allah ya tsare duk wanda ya bar gida don neman halak, ya buɗe masa hanya ta gaskiya, ya dawo da shi ga iyalinsa da ƙafafunsa. Amin.

Ɗiyarka mai yi maka addu'a kullum,
Binta Sada