Na Kira Ku Mahauta a Rumfar Hatsi

Zuwa ga Babban Likitan asibitin da aka duba ni a Yamai, da likitan da ya ce sai an yi mini aiki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku. Ban kama sunan asibitinku ba, kun san kanku, kuma ba tozarta ku na zo yi ba.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Filinge. Da dakon buhu na fara, yau ina da motoci biyu masu kai kaya Yamai, babu wanda ya ɗora ni sai Allah. Na yi lakkol, wato makarantar boko, har aji uku na kolej kafin rasuwar mahaifina ta fid da ni. Ban saba ba da haƙuri a bainar jama'a ba. Abin da ya sa na rubuto shi ne Isaka ma'auni, abokina tun muna dako. Yana ɗauke da ciwo irin nawa, kuma bakina ne ya hana shi zuwa wurinku.

Na ɗaya. Ciwon da ya kai ni wurinku bayan girbin bara gwaiwa ce. Na rubuta kalmar nan sau uku ina gogewa. A gida ciwon ciki na ce. Wanda ya raka ni surukina ne, mijin ɗiyata ta fari, malamin lakkol a Yamai, don shi ya san hanya. Likita, kai ma ɗan ƙasar nan ne. Ka san suruki mutum ne da ko tuwo ba na ci a gabansa, ko sunan matarsa ban taɓa kamawa ba. Ka duba ni bayan labule, ka yaye labulen ina ɗaura zariyar wando, ka kira shi ciki. Ka ga babbar riga da rawani, ka ɗauka ba na jin Faransanci. Ka juya wurinsa ka faɗi inda abin ya sauka da girmansa, har da nunawa da hannu, ka ce aiki za a yi, ya faɗa wa tsoho. Babu kalmar da ta wuce ni. Bawan Allah ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Na biyu. Ina da tambayoyi a ranar. In ban yi aikin ba me zai faru? In na yi, zan koma harkata? Yaya zamana da iyalina bayan haka? Wa zai tambayi wannan a gaban surukinsa? Duk zaman bai kai a sha shayi kofi ɗaya ba. Na karɓi takardar aikin na fito, muka nufi tasha.

Na uku, kuma wannan laifina ne ni kaɗai. Da na dawo, maimakon in ce kunya na ji, sai na zauna a rumfar hatsi ranar kasuwa na ce likitocin Yamai mahauta ne, ciwon ciki kaɗan na kai musu suka jawo wuƙa. Aka yi ta dariya. Ni mutum ne da ake jin maganarsa, daga Bankuku har ƙauyukan Kurfai masu kawo hatsi suka tafi da zancen. Isaka yana wurin. Ashe shi ma an ba shi takardar aiki, tana ninke cikin hularsa. Washegari ya ja ni gefe ya yi mini godiya, ya ce na tsirar da shi, tun da Alhaji mai boko ya ƙi, shi wane ne.

Na huɗu. Ana gab da damina, ina taya lodi da rana tsaka, hanjin ya sauko ya maƙale. A kan buhunan hatsi aka kwantar da ni a mota zuwa Yamai, ina amai. Kai ne dai ka yi aikin, ka yanke wani sashe na hanjin da ya riga ya mutu. Da na farfaɗo ba ka yi mini gori ba, Allah ya saka. Amma da na koma gida sai na sake yin ƙarya, na ce zazzaɓi ne ya kwantar da ni. Har yau Isaka bai sani ba. Ina ganinsa a rumfa, in ya duƙa zai cika tiya sai ya dafe mararsa ya daɗe bai miƙe ba. Ɗiyansa bakwai, da wannan awon suke ci. Ranar kasuwar da ta wuce ya ce mini, “Alhaji, ni da kai sai dai su yanka wasu.” Na yi murmushi. Abin da na yi ke nan, murmushi.

To, ko kuna saurin cewa a yi aiki? A kaina dai ba ku yi sauri ba, ni ne na makara. Amma kun yi saurin faɗa, kun faɗa wa wanda bai kamata ba. Mutanenmu da yawa da ke guje muku ba aikin suke tsoro ba, irin abin da ya same ni a bakin labulen nan suke gudu.

Ga roƙona. Kafin ku yi magana, ku tambayi marar lafiya wa ya yarda ya tsaya. Ku dube shi shi, ku yi masa bayani da Hausa ko Zabarmanci, ku faɗi abin da zai biyo baya in ya jinkirta, ku ba shi damar tambaya ƙofa a rufe.

Ni kuma na janye maganata. Ranar kasuwa mai zuwa, a rumfar da na kira ku mahauta, ni da kaina zan karanta wasiƙar nan, in ɗaga riga in nuna ɗinkin. Na san 'yan dako za su samu abin tsokana har in mutu. Su yi. Washegari zan sa Isaka a gaban mota in kawo shi, in ya yarda. In mun iso, ni ma ku bar ni a waje.

Allah ya ƙara muku basira, ya sa albarka a hannuwanku, ya yafe mini abin da na faɗa a kanku.

Wassalam.

Alhaji Garba mai hatsi,
Filinge.