Saniya Marar Kofato

Kiru, 9 ga Maris

Aikin farko: wanke matatar injin ban-ruwa. An yi.

Zuwa ga Yaya Kulsumu, a Riruwai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam Uzairu da yara, musamman Hamdiyya. Ki yi haƙuri da layin da ke sama, daga littafina na kullum na yago takardar. Sau biyu na kira ki in faɗi wannan maganar, da na ji muryarki sai in koma tambayar zafi. Shi ya sa na ba Wada direba wasiƙa.

Kin ce in sayar da Wule, saniyar da kika ba Dikko kiwo, tunda ɓarayin shanu sun matsa, in sayi tumaki in ɗaure a gida saboda ranar da sikilar Hamdiyya za ta tashi. Na sayar. Tumakin ne ban saya ba.

Akwai wani kamfani a ƙasar waje da ke gwada sabon maganin sikila. Ana sayen hannun jarinsa ta waya, kuma a can na zuba kuɗin. Ki ɗauke shi kamar kiwo: kin ba da dabba, idan ta haihu kina da rabo. Magani yana bin matakin gwaji uku kafin a yarda a sayar da shi. Wannan ya wuce biyu, na ukun ake yi, sakamako sai bayan damina. Wata biyu ina karantawa. Na raba shafi gida biyu, dalilan yi da dalilan bari, dalilan yi suka fi da guda ɗaya. Yanzu da nake rubuta miki ina ganin kamar ɗayan nan sau biyu na rubuta shi.

Na san ban nemi izininki ba. Ki gaida Hamdiyya.

Ƙaninki, Muhuyi

Riruwai, 17 ga Maris

Muhuyi sarkin rubutu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Malam yana amsawa.

Kai yanzu da furfura a gemunka ka sayi saniya marar kofato? A wace ruga take? Ka buɗe bakinta ka ga haƙora? Shi makiyayin, ka san gidan ubansa? Dikko ko da ya ɓata min rai na san hanyar rugarsu, in je in tsaya masa a ka. Waɗannan in sun ɓata min rai wace mota zan hau?

Na yi kwana biyu ba na son jin sunanka. To amma ka ce maganin sikila ne. Shekara goma sha huɗu ina kallon yarinyar nan tana murƙususu, in dafa nan ta ce can ne. Idan saniyarta ce ta shiga cikin masu haɗa maganin, ai ba a rasa mata kwalba ɗaya ba in ya fito. Wanda ya ba da kiwo ba ya sayen nono. Haka na gaya mata, ta kuwa rubuta “bayan damina” da gawayi a bangon ɗakinmu.

Na aika wa taubashinka Kamalu takardarka ya duba, tunda shi ke zaune cikin magunguna. Kada ka yi fushi. Ko ka yi ma.

Yayarka, Kulsumu

Tudun Wada, 2 ga Afrilu

Zuwa ga bawana Muhuyi, daga ubangidansa Kamaluddeen mai kemis.

Bayan sallama da gaisuwa, taubashi, ashe ka zama attajirin ƙasar waje ba ka aiko min da ko tsire ba. To wasa ya tsaya nan.

Na duba kamfanin. Ban ce maka ɓarayi ne ba, aikin gaskiya suke yi. Amma ba su taɓa sayar da ko ƙwaya ɗaya ba. Ba su da komai sai wannan magani guda, kuma kuɗin irinku suke ci suna gwaji. Matakan nan ba aji ba ne na makaranta, da za ka ce wanda ya ci biyu zai ci na uku. A na ukun ne ake ba mutane masu yawa, wasu maganin, wasu ƙwayar da ba komai a cikinta, a ga ko da bambanci. Magunguna da yawa a nan suke mutuwa. Idan ya ci, jarinka zai iya ninkawa sau da dama, wannan gaskiya ne. Idan ya faɗi, ko fata ba za ka samu ba.

Sannan a watan jiya sun ƙara fitar da hannayen jari don su sami na ci gaba. A yarenka na kiwo, saniyar tana nan guda ɗaya, masu ita ne suka ƙaru.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar Yaya Kulsumu. Hannun jari ba layin karɓar magani ba ne. Ko ya yi nasara, sai an yi shekaru kafin ya iso Kano, da tsadar da ni kaina ba zan iya ajiye shi a shago ba. Ka gaya mata. Kai ka ɗaura, kai za ka kwance.

In ka sayar yanzu za ka sami na tumaki ko da ba su kai yadda aka so ba.

Naka, Kamalu

Kiru, 28 ga Oktoba

Aikin farko: auna masara. Ban yi ba, ga dalili.

Yaya, assalamu alaikum. Albishirinki! Saƙo ya shigo wayata da safen nan: an tsayar da gwajin tun kafin lokacinsa. Na taɓa karanta cewa ana yin haka in magani ya yi kyau ƙwarai, har ba a son a ci gaba da hana wasu. Sun ma rubuta kalmar albarka da yalwa a ciki. Wada yana ɗumama mota, ba zan tsawaita ba. Saniyarki ta haihu. Ki gaya wa Hamdiyya.

Muhuyi

Kiru, 31 ga Oktoba

Aikin farko: rubuta wannan.

Zuwa ga Yaya Kulsumu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam. Wada ya kawo min goron albishir, fari guda uku a ƙullin leda, ya ce Hamdiyya ce ta saya da kuɗin kitson da ta yi wa maƙwabta. Yana nan kan tebur, ban taɓa ba.

Yaya, ba daidai na karanta ba. Kalmar da suka rubuta da Turanci ita ce futility. Ni kuma na ga fertility, wadda na saba gani a takardun malaman gona, mai nufin ƙarfin ƙasa da haihuwa. Ban buɗe shafin farashi ba, ban buɗe ƙamus ba, ni da nake duba kwanan wata sau biyu kafin in rubuta. Na ga abin da nake so in gani, na ruga tasha. Da yamma na kira Kamalu in yi masa dariya. Sai ya ce in karanta masa kalmar harafi-harafi. Ma'anarta aikin banza. Masu sa ido sun duba, sun ga waɗanda aka ba maganin da waɗanda aka ba ƙwayar wofi duk ɗaya suke, sai suka ce a daina wahalar da mutane.

Abin da ya rage na Wule ba zai sayi tunkiya ba. Ko da na karanta daidai hakan ne, farashin ya faɗi tun kafin saƙon ya iso ni. Bambancin kawai, da ban aiko miki da albishir ba.

Akwai kuma wata. Tun Afrilu Kamalu ya ce in gaya miki hannun jari ba ya ba mutum magani, ko da an dace. Na sa shi cikin ayyukan gobe. Na duba littafin yanzu, kullum ina kwafe shi zuwa goben da ke gaba, har wata bakwai.

Ban san yadda ake neman gafarar irin wannan ba.

Ƙaninki, Muhuyi

Asibitin Tudun Wada, 4 ga Nuwamba

Muhuyi,

Salam. Takardarka a nan ta same ni. Sanyin nan da ya fara ya tayar da ciwon Hamdiyya, tun shekaranjiya muna kwance. Sun ce sai an ƙara mata jini. Malam ya sayar da buhun masara biyu, Kamalu yana ta kai da kawo.

Ban gaya mata ba. Duk ma'aikaciyar da ta shigo sai Hamdiyya ta ce mata kawunta ya sa a yi mata magani a ƙasar waje, wannan ne kwanciyarta ta ƙarshe. Ni na kai mata albishir ɗinka, ba zan kai mata wannan ba. Ka zo da bakinka, ba da takarda ba.

Jininku iri ɗaya ne, ka ci abinci kafin ka taho.

Na haɗu da Dikko a bakin asibiti. Ya ce ashe da ciki aka sayar da Wule. Ta haifi mace a hannun wanda ya saya.

Kulsumu

Kiru, 5 ga Nuwamba

Yaya, salam. Na ji. Motar farko zan hau daga Kwanar Dangora. Ba ni da wata takardar, ki yi haƙuri da abin da ke ƙasa.

Gobe:
1. Kai injin ban-ruwa wurin Baffa dillali. Noman ranin bana babu.
2. Cin abinci.
3. Jini.
4. Goro uku, a mayar wa mai shi.
5. Hamdiyya. Na rubuta yadda zan fara sau huɗu, na soke.