Hular Ƙarfe a Bakin Balbela

Zuwa ga Auta,

Tela maƙwabciyata ce ke riƙe da biro, ni ke faɗa tana rubutawa. Kin san kunnena ba ya ɗaukar waya yanzu, sai in ji kamar daga cikin rijiya ake magana. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki. Ya aikin masaƙa, ya gajiya? Mu nan lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Na kai ƴarki Balbela wajen likitar haƙori yadda kika ce. Ɗakin fari tas, da wata kujera mai kwantawa da kanta, da fitila a saman kai kamar idon saniya. Ƴarki ta haye abinta tana kaɗa dogayen ƙafafun nan. Likitar ƴar yarinya ce, ba ta kai ki ba. Ta nuna mini turmin ƙasa na hagu, tsutsa ta yi masa kogo. Ta sa wani abu mai ƙugi ta share, ta rage shi, sannan ta kifa masa hula ta ƙarfe, ta danne.

Ta yi mini dogon bayani, amma bakinta a rufe da ƙyalle, ni kuwa leɓe nake kallo in gane magana. Kunya ta hana ni cewa ban ji ba. Na yi ta ɗaga kai kamar ƙadangare. Takardar da ta ba ni, Balbela ta yi jirgi da ita a mota, ya fita ta taga.

Yarinya dai ta samu abin taƙama. Duk wanda ya shigo sai ta wage masa baki. Ta ce mini, "Kaka, ke ko na katako ba ki da shi, ni nawa na ƙarfe ne." Na ce, "To ƙawata, sai ki riƙa tauna mini nama."

Na yi dariya, amma ƙarfen nan ya tuna mini da wani abu. Ban taɓa ba ki labarin ƙanwata mai bi mini ba. Tana jaririya aka sa mata munduwar ƙarfe a hannu, aka manta. Tana girma, munduwa na nan yadda take, har nama ya hau kanta. Ranar da aka kai ta wajen maƙeri ni aka ce in danne mata ƙafafu, ina da shekara bakwai. Har yau in na ji ƙarar zarto sai in ji kukanta. Hannun nan bai ƙara moruwa ba, da hagu ta ci abinci har ta koma ga Allah.

To ki gaya mini, Auta. Yarinya ƴar shekara biyar, ba ta yi famfara ba. In sabon haƙori ya taso ya tarar an rufe masa hanya da ƙarfe, ta ina zai fito? Ba cikin ƙashi zai koma ba? Ki ba direban motar kaya amsa da wuri.

Allah ya yi miki albarka.
Innarki.

*

Inna,

Ina gaishe ki da fatan kin tashi lafiya. A gaishe da Tela, Allah ya saka mata.

Na kira likitar da kaina, ta yi mini bayani. Hular nan ba ta tare komai. Haƙorin nono kaɗai ta rufe, don kada ya ƙarasa ruɓewa kafin lokacinsa. In sabon ya taso, shi zai cinye saiwar tsohon daga ƙasa, tsohon ya faɗo da hularsa gaba ɗaya. Kada ki taɓa ta, Inna, don Allah. Kada a ba ta alawa mai danƙo. A goge mata baki safe da yamma, shi ke nan.

Labarin ƙanwarki ya sa ni kuka a bakin injin, har mai kula da mu ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Akwai wata magana. Baban Balbela ya sake tayar da zancen a mayar da ita wajen yayarsa, wai ke kunnenki ya yi nauyi, in wani abu ya faru ba za ki ji ba. Na ce masa ke kika raine ni, ba abin da ya same ni. Ki kwantar da hankalinki.

Ki shafa mini kanta.
Autarki.

*

Auta,

Gaisuwa. Tela ce dai ke rubutu. Wasiƙarki sai jiya ta iso, kwana tara, wai motar ta lalace a hanya.

Hular nan ta fita. Tana cin abinci sai ta faɗo da kanta.

Tela ta aje biro. Ta ce ita ba za ta sa hannunta ya rubuta wannan ba, sai dai in nemi wani. Ta kuma ƙi soke layin, ta ce ki gani. To, bari in faɗa.

Ni na cire.

Na jira amsarki kwana huɗu. Kullum in ce ta buɗe baki in duba, sai in ga kamar dasashin ya fara hawa gefen ƙarfen. Wallahi haka idona ya nuna mini. Sai na sayo alawar nan mai danƙo, na ce ta riƙa taunawa da wannan ɓangaren. Kwana biyu tana murna, wai Kaka ta zama ƴar gari. Rana ta uku bayan la'asar na kwantar da kanta a cinyata kamar zan yi mata kitso. Na tafasa tsinken kitso tukuna, kada ki ce ban kula ba. Na sa bakinsa a ƙarƙashin hular, na ɗan murɗa. Ta ce, "Kaka, da zafi." Na ce, "Saura kaɗan, ƙawata." Sai ga ta ta fito, da jini.

Abin da na gani a ƙasa ba haƙori ba ne, ɗan guntu ne kamar tsakuwa, kuma gefensa ya tsage. Amma na ce wa raina ai gara haka.

Kwana uku sai kunci ya tashi. Ya kumbura har idon hagu ya ƙanƙance, jiki zafi rau. Ko ruwa ta kurɓa sai ta yi ƙara. Ba ta ƙara wage wa kowa baki ba. Tela ta shigo aron almakashi ta gan ta, ta ce, "Inna, me kike jira?" Ta bar ɗinkin mutane a kan keke, ta goya ta.

Likitar ta duba, ta juyo ta kalle ni, ta yi magana. Wannan karon na ce, "Ƴata, ban ji ki ba, tun ranar farko ban ji ki ba." Sai ta sauke ƙyallen. Na kwance bakin zane na miƙa mata hular. Ta juya ta, ta ga inda tsinke ya lanƙwasa. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa ta yi, "Kaka, da kun ƙara kwana biyu, sai an kwantar da ita a babban asibiti." Ta ce mugunya ta taru a ƙasa, haƙorin ba zai gyaru ba. Ta ba da magani. In kumburi ya sauka za a cire, daga baya a sa wata ƴar waya ta riƙe gurbin, don kada na kusa su matso su tare wa sabon hanya. Kin ji? Hanyar da nake tsoron a tare, da hannuna na so in tare ta.

Muna fitowa Balbela ta ce da bakinta a karkace, "Kaka, kada mu gaya wa Baba, zai kai ni gidan Gwaggo." Ban san inda ta ji ba.

Ina tsoro, Auta. Kullum hannuna na kan goshinta. Ina tsoron kumburin nan ya gangara wuya. Ina tsoron ranar da zan waiwaya ban ga takalmanta a bakin ƙofa ba. Amma ki karanta wa maigidanki wannan takarda duka, har layin ƙaryar. Ƴarsa ce.

Ki yafe mini.
Innarki.

*

Inna,

Ina gaisuwa. Ya mai jiki?

Na karanta masa. Ya ɗauki takardar ya sake karantawa da kansa, ya fita. Da ya dawo ya ce mun ɗauki hutu, muna tafe ranar Asabar. Yayarsa ma za ta zo. Na tambaye shi me ya yanke, ya ce sai ya ga ƴarsa.

Ban yi fushi da ke ba. Ko na yi, ya wuce. Ki ci abinci.

Autarki.

*

Auta,

Kumburi ya sauka, an gode Allah. Shekaranjiya aka cire haƙorin. Yanzu giɓin take nuna wa mutane.

Ki gaya wa maigidanki ba sai ya ji nauyin faɗa mini za a tafi da Balbela ba. Na wanke kayanta, na ninke, na sa a jaka, da maganinta da buroshinta a aljihun gefe. A gaya wa gwaggonta ba ta shan magani sai mutum ya fara ɗanɗanawa a gabanta. Kuma in ta ce ba ta jin yunwa, ƙarya take.

Sau biyu ina haɗa jakar, sau biyu Balbela tana zazzagewa. Yau da safe na tarar ta cika ta da zannuwana.

Tela, bari haka. Na gaji.

Ni Tela nake ƙarawa. Inna tana zaune da jakar a cinyarta, ba ta fitar da zannuwan ba. Allah ya kawo ku lafiya.