Madubin Hagu, Baba

Assalamu alaikum, Baba, tare da gaisuwar ɗa ga mahaifinsa. Ina fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Mu iyalinka na Gazawa muna lafiya, sai wani abu da na kasa gaya wa masu rai.

Shekara tara ke nan da babbar mota ta niƙe taksinka a hanyar Agye, ka fito za ka wuce amalanke, ita kuma tana tafe ta hagunka. Kowa ya ce ƙaddara. Ni ma haka na ce.

Yanzu ina koyon tuƙi a Maradi. Kawu Sani, ƙanen Inna, ya ce ranar da na samu permi, wato lasin tuƙi, zai ba ni motarsa in riƙa kai mata ƴan kasuwa Gangara. Alhamis ne jarrabawar.

Shekaranjiya malamin tuƙi ya ce mu gyara madubai, don shi ne abin farko da mai jarrabawa ke dubawa. Na gyara na ciki, na gyara na dama. Sai ya tsaya bayan motar ta hagu, ya ɗaga hannu. Na murɗa madubin sama, na murɗa ƙasa, ban gan shi ba sai da na juya kaina gaba ɗaya. Ya shiga ya zauna inda nake, ya duba, ya ce madubin lafiyarsa lau.

Da na koma masauki na rufe idon dama da tafin hannu. Baba, kamar mai leƙen duniya daga cikin rijiya. Tsakiya haske, gefe duk duhu. Ban san yaushe ya fara ba.

Sai na tuna yadda kake juya wuya dukansa in za ka shiga titi, har direbobin tasha suna maka tsiya. Na tuna kana zuba shayi yana sauka gefen kofi, kana dariya kana cewa, "Kofin nan ne ba ya tsayawa wuri ɗaya." Na tuna yadda kake ce wa fasinjan gaba, "Duba mini baya, ɗan'uwa."

Na kira Inna na faɗa mata. Sai ta ce kakana na Gidan Rumji, mahaifinka, da sanda ake jan shi tun bai yi furfura ba. Ta ce kai ma ganinka ya ragu, amma ka hana ta faɗa wa kowa, don bakinmu bakwai ne a kan sitiyarin nan.

Ban yi fushi da kai ba, Babana. Hadiza matata tana da ciki wata bakwai, yanzu na san nauyin da ya rufe maka baki. Amma ba kai kaɗai ka tafi ranar ba. Mutum huɗu ka ɗauko, har da mace mai goyo.

Jiya na gwada juya wuya irin naka, malamin ya yaba mini, ya ce haka direban kirki ke yi. Ba faɗuwa jarrabawar nake tsoro ba, Baba. Tsorona in ci.

Gobe Laraba zan je wurin likitan ido. Abin da ya faɗa mini, shi zan faɗa wa Kawu, ko da motar za ta tafi hannun wani.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, kai da waɗanda kuka tafi tare. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin buɗe baki.

Ɗanka na fari,
Isufu