Ruwan Addu'ar Goggo a Cikin Kwamfuta

Yaya Bala,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Anti Maryam da yara? Mu nan Gangaren Tudu lafiya lau, ban da zuciyata.

Kayan kwamfutar da ka yi ta aiko mini ɗaya bayan ɗaya sun cika, na haɗa su da hannuna a falo. Saura in rufe akwatin, sai maƙwabta suka cika gidan, wai sun zo ganin macen da ta ƙera inji. Goggo ta tsorata da bakin mutane. Ina fita alwala, ta yayyafa ruwan addu'arta a ciki, ba ta gaya mini ba. Da na dawo na kunna, sai ƙauri da hayaƙi.

Mai gyara a Angwan Iya ya ce babban allon ciki, wanda duk kayan ke haɗe a kansa, ya ƙone. Yaya, wa zan yi wa faɗa? Matar da ta raine mu? Na haɗiye, amma ko abinci ba ya shiga.

Ka roƙa mini haƙuri wurin Allah, ka gaida mutanen gida. Goggo ma tana gaishe ka. Ta ce in shaida maka, ba don ruwan nan ba, da ni wutar ta kama.

Ƙanwarka,
Hadiza